Tomezo Mai Buɗe Bango

Har zuwa bara, duk wanda ya yi sammako a ƙauyen Nashidani ya san abin da zai fara gani. Wani gajeren tsoho ne da tawul ɗaure a ka, lauje soke a bayan ɗamara, yana hawa matakalar ɗakin bauta yana tari. Ba bauta ce ta kai shi ba, ko da yake yakan tafa hannu ya sunkuya don kada a ce ya wuce bai gaisa ba. Dandamalin wasan da ke gefen farfajiya ne a gabansa. Zai zagaya ta baya ya zare sakata, ya tura allo ɗaya na bangon, sannan ya dawo ta gaba ya zauna a ƙasa, daidai inda 'yan kallo ke shimfiɗa tabarma ranar biki. Daga nan yake leƙen gonakin shinkafar da ke hawa-hawa a jikin tudun ƙetaren rafi. In ya gama kallo sai ya rufe, ya sauka, ya tsallaka gada ya je ya gyara abin da idonsa ya hango, ko katangar dutse ce aladen daji ya rusa, ko hanyar ruwa ce ganye ya toshe. Ba ya komawa gida sai rana ta raba, ya ci shinkafa da ɗan kabeji mai gishiri a tsaye, ya sake fita.

Sunansa Tomezo Hirasawa, mu kuwa Yaya Tome muke ce masa, don tun yana saurayi fuskar dattawa gare shi. Bai taɓa shafa hoda ya hau dandamali ba, bai taɓa furta kalma a gaban 'yan kallo ba, a takardar sunayen 'yan wasa ma nasa na can ƙasa kusa da na masu dafa shayi. Aikinsa buɗe bango. Ni Fusae da ke wannan rubutu aure ne ya kawo ni garin, kuma na fi shekara talatin ina fitowa a matsayin uwa a wasanmu. Ina ɗan taɓa rubutun labarai a mujallar gunduma, waɗanda ban tabbata akwai mai karantawa ba in ka cire mai gyaran rubutu. Yau dai ba labarin ƙirƙira na zo da shi ba. Na zo in yi wa wannan mutum jinjina tun yana da kunnen ji, don na gaji da yabon mutane a bakin kabari.

Wasa ɗaya gare mu, kakannin garin suka tsara shi, kuma ranar bikin kaka kaɗai ake yin sa, da la'asar, kafin a sa wa shinkafa lauje. Labarin ba shi da tsawo. Shekarar yunwa ce, wata mata da mijinta ya mutu ta rasa abin da za ta ba ɗanta, sai ta tura shi bayan duwatsu neman aiki. Yaron ya ƙi, ya yi kuka, ya ce yana tsoron in ya tafi ba shi da abin da zai dawo ya tarar. A ƙarshe uwar ta ɗaura masa ƙunshin guzuri, ta dafa kafaɗarsa ta ce: “Tafi, ɗana. Gonar ubanka ba ta da ƙafa. Duk ranar da ka juyo za ka same ta inda ka bar ta, da shinkafa a kanta.” Nan take mai buga katakon alama ya buga, sai bangon bayan dandamali ya dare biyu, rabi ya zame dama rabi hagu. Ga tudun nan na gaske, gona a kan gona har sama, shinkafa ta nuna, rana ta kwanta a kanta. Shi ke nan wasa ya ƙare. Ba a nuna dawowar yaron, kuma ba wanda ke tambaya, kowa ya ga amsa da idonsa.

Ni kaina a duk shekarun nan ban san yadda buɗewar take ba. Uwa jama'a take fuskanta, ƙa'ida ce ba ta waiwaya. Abin da nake ji kawai gurnanin katako a bayana, iska ta daki ƙeyata, sai wani haske ruwan zuma ya faɗo a kan fuskokin mutane. A nan nake ganin gonar. In ga tsohon da ke hamma ɗazu ya saki baki, in ga mata suna laluben hannun riga don share ido, ƙulle-ƙullen takarda masu sulalla a ciki suna ta faɗowa a dandamali. Shi kuma Yaya Tome yana maƙale a bayan allo da igiya a hannu, gonar kaɗai yake gani. Shi ya sa kowace shekara in an watse yakan zo inda nake goge hoda ya ce, “Yaya fuskoki?” Ni kuma in ce, “Yaya gona?” Gaisuwarmu ke nan, ba mu da wata.

Kikuji mai awara, wanda ke fitowa a matsayin ɗan, ya daɗe yana cika baki cewa kukansa ne ke sa garin kuka. Sai wata shekara guguwa ta zo ranar biki, da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Aka ja rumfa aka yi wasan a haka, amma iska ta hana a buɗe bango, don da an buɗe da rufin ya tashi. Kikuji ya yi kukansa har da majina, ni ma na faɗi maganata yadda na saba, ban rage ko harafi ba. Mai katako ya buga, bango ya tsaya ƙyam. Jama'a suka ɗan tafa irin tafin kara, sai wata tsohuwa mai nauyin kunne ta ɗaga murya daga baya: “To, ya dawo ko bai dawo ba?”

Muna goge hoda Kikuji yana ta ƙunƙuni, wai mutanen bana zukatansu dutse ne.

Yaya Tome yana naɗe igiya ya ce, “Kai, rabu da mutane. Me suka gani da za su yi kuka?”

Kikuji ya nuna ni ya ce, “Ba su ji abin da Inna ta ce ba?”

“Sun ji. Ita ce ke faɗa, gona ce ke ba da shaida. Magana ba shaida ai kowace uwa ta iya ta.”

Karo na farko ke nan da na ji ya yi magana a kan sana'arsa, kuma ya ishe ni. Tun daga ranar, in na zauna rubuta labari sai na tambayi kaina wane ne shaida, ɗakin ne, ko hanyar, ko lokacin shekarar. In wurin da na ajiye mutanena bai goyi bayan abin da suke faɗa ba, kuma bai ƙaryata su ba, na san surutu kawai na tara.

Daga baya shaidar ta fara ciwo. Samari suka tafi biranen Nagoya da Osaka kamar yadda yaron wasan ya tafi, sai dai su babu yunwar da ta kore su, kuma ba su juyo ba. Aka rufe makaranta, aka rufe kanti, motar haya ta koma zuwa jefi-jefi. Duk tsohon da ya mutu gonarsa ta bi shi, don gonar tudu ba ta haƙuri, shekara biyu ba hannu ciyawa mai yaɗo ta haɗiye ta. Wata kaka aka buɗe bango, sai ga gona ɗaya baƙa a tsakiyar masu kyau, kamar giɓi a baki. Na gan ta a fuskoki, don idanun kowa wuri ɗaya suka tafi.

Washegari aka ga Yaya Tome yana wani abu kamar mai taɓin hankali. Ya buɗe bango, ya zauna nan ya leƙa, ya matsa can ya leƙa, ya bi farfajiyar nan kaf, har gindin itacen da mashaya ke jingina. Sannan ya ƙetare rafi da turaku da jan ƙyalle, ya kafa su a iyakar duk abin da idon ɗan kallo ke iya kaiwa. Abin da ke cikin turakun nan ya zama nasa, ko na wane ne. Bai saya ba, bai yi aro ba, ya dai buga wa magada waya ya ce zai noma, in an girbe kuma ya aika wa kowa buhunsa har birni, wai kada harshensu ya manta. Gonarsa ta gado kuwa, wadda ta fi kowace albarka a garin, tana bayan tudu inda ba a hango ta daga tabarma, sai ya bar wa ciyawa. Matarsa Mitsue ta yi faɗa har ta gaji. Da kunnena na ji ta a bakin rafi tana cewa, “Kowa na noma don ciki, ni nawa mijin don taga yake yi!” Sunan ya bi shi, manomin taga. Amma ita ɗin ce dai ke bayansa da kwandon dashe kowace shekara, tana zagi tana dasawa, har shekarar da ta kwanta ba ta tashi ba.

Yaya Tome, kai ne ka tsaya cikin taɓo har gwiwa don maganar da wata ke faɗa a kan dandamali kada ta zama ƙarya. Kai ne ka kwashi duwatsu a baya ka mayar da katangar mutanen da ko gaisuwar sabuwar shekara ba sa aiko maka. Da abokin jan bangonka ya mutu ba ka je kana roƙon kowa ba, ka zauna ka haɗa igiya ɗaya mai jan ɓangarorin biyu. Mu muka sha tafi, kai ka sha ciwon baya. Manomin taga, sun faɗa don ba'a, ni yau na faɗa don girmamawa.

Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle hannun da ya tsufa. Turakun suka fara matsowa ciki. Bana ya saki gonakin sama, baɗi ya saki na gefen gora, kuma duk abin da ya saki sai ya rage faɗin buɗewar don kada a gani. Ya buga ƙusa a hanyar da allunan ke zamewa, kowace shekara ya matso da ita. Bangon da a da yake darewa gaba ɗaya ya koma buɗewa kamar ƙofar rumbu, daga baya kamar ƙofar ɗaki. Ina ji a jikina, don iskar da ke dukan ƙeyata ta ragu, hasken ma sai 'yan sahun tsakiya yake samu. Baƙin da ke zuwa daga birni ranar biki suna ganin 'yar gona mai kyau ta tsakiya, su yi kukansu, su koma da daɗin rai cewa gida yana nan.

Bara, ƙanƙara na narkewa, Yaya Tome ya zame a hanyar ruwa ya karye a ƙugu. Kikuji ne ya tsince shi, ya ce ko a cikin motar asibiti maganar iri yake yi. Kafin a sallame shi lokacin dashe ya wuce. Karon farko tun da aka kafa dandamalin, babu ko gona ɗaya da aka shuka a tudun.

Muka yi taro. Duk mutanen garin mun zagaye tebur ɗaya, har da sauran wurin ajiye buta.

Kikuji ya ce, “Ni dai in faɗa muku gaskiya, in na durƙusa a gaban Inna bana, sai an zo da mutum biyu sun ɗaga ni.”

Na ce, “Ɗan da ya girmi uwarsa da shekara biyar ai dole.”

Aka yi dariya, dariyar ta mutu da wuri. Aka yanke cewa za a yi wasan bana, a kira duk 'ya'yan garin da ke birni. In an samu wanda zai karɓi igiya da gonakin, a ci gaba. In ba a samu ba, na bana ne na ƙarshe. Yaya Tome yana gefe da sandarsa, kowa ya san abu ɗaya ya rage masa a duniya, ya ga hannun da zai miƙa wa igiyar nan. Kowa kuma ya san inda ransa yake. 'Ya ɗaya gare shi, Chiharu, tana aiki a wani kamfanin ɗab'i a Nagoya, 'ya'yanta sun girma, mijinta ya kusa ajiye aiki.

Ana saura 'yan kwanaki biki sai ga Chiharu da wani dogon naɗi a kan mota. Yarinyar kirki ce, kada wanda ya karanta wannan ya zage ta. Ta tono wani tsohon hoto na tudun tun tana ƙarama, lokacin da kowace gona ke da mai ita, ta sa aka buga shi a kan ƙyalle mai faɗin bangon gaba ɗaya. Aka rataya shi a jikin gora a bayan allunan. Ranar gwaji aka buɗe, ni ma aka ce in waiwaya tun da gwaji ne. Ban ga laifin ƙyallen nan ba ko kaɗan. Har Mitsue tana ciki, 'yar mitsitsiya da malafa, ta sunkuya a gona ta uku. Muka tafa, wasu suka yi hawaye, ni kuwa wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Chiharu ta riƙe hannun ubanta ta ce, “Baba, ka gani? Ba ciyawa, ba alade, ba karaya. A rataya, a sauke, a ninke. Ko shekara ɗari za a yi ana wasan.”

“Ya yi kyau.”

“Kyau kawai?”

“Ya fi na gaske kyau. Ko sauro babu.”

Ta yi dariya ta tafi ɗauko masa shayi. Ya daɗe yana kallon inda matarsa take. Sannan ya juyo ya ce mini a hankali, “Fusae, in shaida ta mutu, hotonta ake kai wa alƙali?”

“Haba Yaya, yarinya ta yi don kai. Kada ka ɓata mata.”

“Na sani. Ni ma ai na daɗe ina yi. Ƙusar nan da nake matsowa, mece ce? Ban nuna musu ƙarya ba, amma na ɓoye musu gawa. Suna zuwa su ga lafiya lau, me zai dawo da su?”

Kikuji ya ce da safiyar biki ya ga Yaya Tome a bayan dandamali, yana jan ƙugu a ƙasa, yana goga kyandir a hanyar allunan tun daga wannan ƙarshe har wancan. Ya ɗauka don ƙyallen ya fito sosai ne, har ya taya shi zare ƙusoshin.

Rabon farfajiyar nan da cika haka an daɗe. Motocin birni har bakin gada, tabarmi ko'ina, an buɗe akwatunan abinci, giyar shinkafa na zagayawa, jikokin da ba su san sunan kakanninsu ba suna guje-guje. Muka yi wasa. Kikuji ya durƙusa a gabana, gwiwoyinsa suka yi ƙara har sahun gaba suka ji. Na ɗaura masa guzuri, na dafa kafaɗarsa, na faɗi maganar da na fi sanin ta fiye da sunana. Mai katako ya buga.

Na ji wani abu mai nauyi ya zube ƙasa a bayana, ashe ƙyallen ne aka kwance. Sannan gurnani ya taso, dogon gurnanin da na manta da shi, ya tafi dama ya tafi hagu bai tsaya ba. Iska ta buge ni tun daga ƙeya har dunduniya. Na dubi fuskoki ina jiran hasken nan, bai zo ba. Wani dishi-dishi ne ya faɗo musu. Na ga wata mata ta toshe baki da hannu biyu. Na ga wani mai furfura ya miƙe tsaye yana nuni da yatsa, yatsan na yawo, yana neman gonar ubansa ya kasa ganewa. Ko ƙullin takarda ɗaya bai faɗo ba. Kikuji da ke durƙushe yana fuskantar bayana ya ɗago ido, hodarsa ta jiƙe, ya ce da muryarsa ta gaske, “Inna, babu gona.”

Na waiwaya. Na karya ƙa'ida a gaban kowa, kuma ban yi nadama ba. Tudun nan gaba ɗaya ya zama daji. Ciyawa mai yaɗo ta rufe katangu, doguwar ciyawa mai farin kai tana kaɗawa tun daga rafi har sama, gora ta ci gefe guda, ba ka ko gane inda wannan gona ta ƙare waccan ta fara. Nan da can jan ƙyallen turaku na leƙowa, ya koɗe. Maganar da na gama faɗa tana nan a kunnen kowa, ban canja ko harafi ba, amma wasan ya zama wani wasa daban. Ya zama labarin uwar da ta san babu abin da ya rage, ta yi wa ɗanta ƙarya don ya tafi ya rayu. A cikin shirun nan wata murya ta ce, ba da ƙarfi ba, “Ba zai dawo ba ke nan.” Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan la'asar ba, ko ranar da na binne mijina.

Mun sami Yaya Tome zaune a ƙasa a bayan allo, igiya naɗe a hannu har ta yanke shi, don da nauyin jikinsa duka ya ja. Chiharu ta iso ta tsaya a kansa.

“Baba, me na yi maka? A gaban mutane?”

“Ba ki yi mini komai ba.”

“To me kake so in yi? In bar aikina in zo in karye a rami kamar kai? Ka faɗa mini da baki mana, sai ka buɗe bango?”

“Ni ban iya faɗa ba, 'yar nan. Buɗewa na iya.”

Ya miƙa mata igiyar. Ban san ko ya san ya miƙa ba, hannun dai ya tafi wajenta. Ta dube ta, ta dube shi, ta durƙusa ta warware ta daga hannunsa a hankali, ta ɗaure masa ciwon da hankicinta, ta ajiye igiyar a ƙasa. Sannan ta juya ta fara ninke ƙyallen tana kuka. Da aka zo rufe bango ya ce a bar shi haka. Bai tambaye ni fuskoki ba, ni ma ban tambaye shi gona ba.

Ranar an yi alkawura kamar ruwa. Wannan ya ce baɗi da shi za a yi dashe, wancan ya ce zai kawo abokan aikinsa, wani ma da giya ta kai masa karo ya rantse zai sayar da gidansa na birni. Hunturu ya zo ya wuce. Lokacin dashe mutum biyu suka zo wata Lahadi da sababbin takalman roba, suka sare ciyawar da ba ta kai shimfiɗar tabarma ba, suka ɗauki hoto, suka ce bayansu na ciwo. Ba su sake zuwa ba. Bana an yi bikin kaka ba wasa. Muka tafa hannu a ɗakin bauta, muka sha shayi, kowa ya kama gabansa.

Yaya Tome yana Nagoya yanzu, a hawa na shida, a ɗakin da jikansa ya bari. Ƙugun bai ƙara ɗaukarsa ba. Chiharu na kula da shi yadda ba wanda zai kushe. Watan jiya na shiga jirgin ƙasa na je gaishe shi. Ƙyallen nan ta yanke tsakiyarsa, inda uwarta take, ta manna masa a bango don ya riƙa ganin gida. Na same shi a kujera ya ba hoton baya.

Ya ce, “Kin ga na zama ke. Gona a baya, ina jiran fuskoki.”

“Ga ɗaya ta zo, duk ta yamutse.”

“Da ma can ba ta da wani kyau, hoda ce ke rufa miki asiri.”

Muka yi dariya. Ya tambayi Kikuji, ya tambayi rufin dandamali, na ce yana nan, ban ce masa ƙanƙara ta karya kusurwa ɗaya ba. Can ya ce, “Faɗa mini maganar nan.” Na ce wace, ya ce in daina wasa da shi. Sai na miƙe a tsakiyar ɗakin, ba hoda ba guzuri, na dafa kafaɗarsa tun da babu wata, na ce, “Tafi, ɗana. Gonar ubanka ba ta da ƙafa.” Kafin in kai ƙarshe na ga hannunsa na lalube a iska. Ya kai ga tagar da ke gefensa, ya kama, ya zame ta gaba ɗaya. Bangon siminti ne na gidan maƙwabta, da bututun ruwa a jikinsa, kusa har ka iya taɓawa. Ya kalle shi kamar yadda yake kallon tudu da safe, a tsanake, sama da ƙasa.

Sannan ya ce, “Yaya fuskoki, Fusae? Ranar nan. Ban tambaye ki ba.”

Na ce, “Sun gani, Yaya. Kowa ya gani.”

Ya gyaɗa kai. Ya jira in yi masa tawa tambayar, na kasa.

Mun gode, Yaya Tome. Mun gode da shekarun da ka ciyar da maganata gaskiya da gumin bayanka, mun kuma gode da la'asar ɗin da ka ƙi a kawo mana shaidar zur, ko da ta fito daga hannun da ka fi so. Ka yi abin da mutum ɗaya zai iya, har ka wuce. Abin da ya gagara ba laifinka ba ne, kuma ba zan yi maka ƙarya in ce na hango gyara ba.

Ku kuma da ke karanta wannan, masu rubuta labari ku riƙa waiwayawa ku ga abin da ke bayan mutanenku, ko yana gaskata su ko yana ƙaryata su. 'Ya'yan Nashidani, da 'ya'yan duk wani gari irinsa, ba na roƙon ku ku yi kuka, kun riga kun yi, mun gani. Mutum ɗaya ake nema, mai baya da gwiwa, wanda zai zauna a kan tabarma ya leƙa, sannan ya tashi ya tsallaka gada. Bangon na nan a buɗe yadda ya bar shi, ba sai an nemi mabuɗi ba. Igiyar na rataye a ƙusar hagu, laujensa na kusa da ita. Nakan hau in wasa shi lokaci-lokaci don kada ya yi tsatsa, ko da yake ban san wanda nake wasa wa ba.